Hayaƙin Maigida, Huhun Uwargida

 Yau filin namu zai taɓo wata magana wadda yawancinmu muka ɗauka ta maza ce, watau maganar taba. Na san wata tana ganin kan maganar za ta ce, "To, ni ina ruwana? Ban taɓa sa sigari a bakina ba." Gaskiyarki, 'yar'uwa. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya cikin 2012 ta nuna cewa a cikin maza 100 wajen 10 ne ke amfani da taba, amma a cikin mata 100 da ƙyar ake samun 1.

Duk da haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Wa ke share guntayen sigari a ɗakin maigida da safe? Wa ke wanke rigar da ta sha hayaƙi? Ɗan wa ake aika wurin mai tebur ya sayo kara biyu da ashana? In kuma ciwo ya zo, Allah ya kiyaye, wa ke kwana a gindin gadon asibiti, wa za a bari da marayu? Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 kowace shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa. Saboda haka ya kamata mu san abin da masana suka gano, da yadda suka gano shi, da kuma abin da mace za ta iya yi a cikin gidanta.

YADDA ASIRIN TABA YA TONU

A da can ciwon dajin huhu ba kasafai ake ganinsa ba. Likita sai ya daɗe yana aiki bai gamu da mai shi ba. Amma bayan da sigarin inji ya cika kasuwa a Turai da Amurka, sai ciwon ya yi ta ƙaruwa shekara da shekara, har hankalin hukuma ya tashi. A Ingila aka ba wani likita, Dokta Richard Doll, da wani masanin ƙididdiga, Bradford Hill, aikin gano dalili. Shi Dokta Doll da farko kwaltar da ake zubawa a tituna da hayaƙin motoci yake zargi. Shi kansa mashayin sigari ne.

Suka bi asibitoci 20 na birnin Landan suna yi wa majiyyata tambayoyi: ina kake zaune, wane aiki kake yi, kana shan taba ko ba ka sha. Da suka tara amsoshi suka ga abin mamaki. Cikin maza 649 masu dajin huhu, mutum 2 kaɗai ne ba sa shan taba. Tun kafin a gama aikin Dokta Doll ya jefar da sigarinsa, bai sake komawa ba, ya kuwa rayu har shekara 92. A 1950 suka buga sakamakon. A wannan shekarar kuma wasu likitoci biyu a Amurka, Wynder da Graham, suka fito da irin wannan bayani. Shi Dokta Graham babban likitan fiɗa ne, kuma ya daɗe yana sha. Ya bari daga baya, amma ciwon da ya yi bincike a kai shi ya yi ajalinsa a 1957.

Mutane ba su yarda nan da nan ba, masu kamfanonin taba kuwa suka ce ai dacewa ce kawai. Sai Doll da Hill suka ɓullo da wata dabara. A 1951 suka rubuta wa likitocin Ingila takarda suna tambayarsu ko suna shan taba, wajen 40,000 suka amsa. Aka yi ta bin labarin maza daga cikinsu har shekara 50, ana rubuta wanda ya rasu da abin da ya kashe shi. Sakamakon ƙarshe da ya fito a 2004 ya nuna cewa wanda ya zarce da shan sigari yakan rasu kimanin shekara 10 kafin takwaransa wanda ba ya sha, kuma aƙalla rabin masu sha tabar ce ke yin sanadinsu.

MATAN JAPAN DA BA SU TAƁA SHA BA

To, ga inda maganar ta zo kanki, uwargida. A ƙasar Japan, a wancan zamani, yawancin maza suna shan sigari, mata kuwa kaɗan ne ke sha. Wani likita mai suna Takeshi Hirayama ya lura da cewa ana samun dajin huhu a jikin matan da ba su san ɗanɗanon taba ba. Sai ya bi labarin matan aure 91,540, dukansu ba masu sha ba, har tsawon shekara 14, yana duba halin mazajensu.

A 1981 ya bayyana abin da ya gano: matar da mijinta ke shan sigari ta fi wadda mijinta ba ya sha haɗarin mutuwa da dajin huhu, kuma gwargwadon yawan shan mijin, gwargwadon haɗarin matar. Kamfanonin taba suka yi masa ca, amma binciken da aka sake yi a ƙasashe da yawa ya gaskata tushen maganarsa. Da aka haɗa su duka, an samu cewa zama da mashayi yana ƙara wa wanda ba ya sha haɗarin dajin huhu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Yara sun fi kowa shan wahala, domin huhunsu ƙarami ne kuma numfashinsu ya fi na babba sauri. Yaron da ke tashi cikin hayaƙin taba ya fi yawan kamuwa da namoniya, da asma, da ciwon kunne. Jariri kuma yakan shiga haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. Mai ciki in tana sha, ko tana zama cikin hayaƙi, haɗarin haihuwa kafin lokaci da haifar ɗan ƙaramin jariri yana ƙaruwa. Ki tuna kuma da yawanmu da ma muna shan hayaƙin itace a murhu safe da yamma, shi ma ba ƙaramar illa yake yi wa ƙirji ba. Huhun da ya wuni a madafa bai kamata ya kwana cikin hayaƙin sigari ba.

Kada ki ce ai kina buɗe taga ko kina kunna fanka. An gwada, an ga wannan ba ya fitar da gubar daga ɗaki. Turaren wuta ma wari kawai yake rufewa.

ME KE CIKIN HAYAƘIN?

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Akwai wani baƙin abu mai danƙo da ke taruwa daga hayaƙin, wanda ake kira kwaltar taba. Shi ne ke rina yatsun mashayi da haƙoransa. A 1953 aka riƙa shafa wannan kwalta a bayan ɓeraye, da yawansu kuwa suka fitar da ƙarin daji.

Yadda abin ke faruwa shi ne, jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace kuma tana ɗauke da rubutaccen tsari da ke gaya mata lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. Gubar hayaƙi tana ɓata wannan rubutu. A 1996 masana a Amurka suka nuna cewa ɗaya daga cikin gubobin yana manne wa daidai wurin da ke hana ƙwayar hayayyafa barkatai, watau kamar ɓarawo ya fara da ɗaure mai gadi. A 2016 kuma aka ƙiyasta cewa mai shan kwali ɗaya kullum, a shekara guda yana jawo ɓarna kamar 150 a rubutun kowace ƙwayar huhunsa. Yawancin ɓarnar ba ta kai ga ciwo, amma ranar da ta faɗa a mugun wuri, ƙwaya ɗaya tak ta isa ta zama tushen daji.

Ba huhu kaɗai ba ne. Jini yana kwasar gubar ya zaga da ita, saboda haka taba tana da hannu a dajin baki, da maƙogwaro, da ciki, da hanta, da ƙoda, da mafitsara, da hanji. Ga mu mata kuma akwai dajin bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta ce tushen wannan ciwo, amma shan taba yana ƙara mata ƙarfi. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin wannan ƙwayar cuta kyauta. Ki tambaya a asibitin unguwarku ko 'yarki ta isa a yi mata.

TABA GARI DA SHISHA

Wata za ta ce, "Ai kakata taba gari take ci, ba hayaƙi a ciki." Ita ma ba ta tsira ba. Tabar da ake cusawa a leɓe ko a shaƙa a hanci tana da nata gubobin masu haddasa daji. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, akwai wata taba gari da ake kira tumbak, ana kwaɓa ta da kanwa a ajiye a cikin leɓe. Likitocin ƙasar da abokan aikinsu na waje sun auna ta tun wajen 1991, suka samu gubar da ke cikinta ta ninka ta tabar leɓe ta Turai da Amurka sau da yawa, kuma sun danganta ta da dajin baki, musamman a daidai inda ake ajiye ta. Ita kanwar aikinta shi ne ta sa sinadarin da ke kama mutum ya ratsa fatar baki da sauri. Don haka in akwai tsohuwa mai cin taba a gidanku, ki riƙa lura. Gyambo a baki wanda ya ƙi warkewa, ko farin tabo a dasashi ko gefen harshe, abin kai wa likita ne.

Sai kuma shisha, wadda ta zama abin yayi a wurin samari da 'yan mata a birane. Ana sa mata ƙamshin tuffa ko na'ana'a, ana cewa ruwan da ke cikin tulun yana wanke hayaƙin. Ba ya wankewa, sanyaya shi kawai yake yi, shi ya sa ake iya zuƙa da yawa ba a ji zafi ba. A 2005 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi gargaɗi cewa a zama ɗaya na kamar awa guda mutum yana iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na kara 100 na sigari ko fiye. Ga kuma gubar gawayin da ake ɗorawa a kai.

SABO TURKEN WAWA

Kila kin sha tambayar kanki, mutum da hankalinsa, yana ganin hoton ciwo a jikin kwali, me ya hana shi bari? Amsar ita ce nikotin. Wannan sinadari ya samo sunansa daga Jean Nicot, jakadan Faransa a ƙasar Fotugal, wanda ya aika da taba zuwa fadar ƙasarsu wajen 1560 yana yabonta a kan magani ce.

Da mutum ya zuƙi sigari, nikotin yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki wani sinadari na jin daɗi. Mai shan kara 20 a rana, in yana zuƙar kowane sau 10, to sau 200 ke nan kullum yana koya wa ƙwaƙwalwarsa wannan darasi. Da sannu sai ta saba, ta zama ba ta samun natsuwa sai da shi. Ga shi kuma ba ya daɗewa a jiki, cikin awa 2 rabinsa ya tafi. Shi ya sa za ki ga maigida ya tashi da safe yana lalube kafin ya yi magana da kowa, in bai samu ba sai faɗa da ƙunci. Natsuwar da yake cewa sigari na ba shi, ƙuncin da sigarin ya jawo ne yake ɗan ɗagawa.

Ki gane wannan da kyau: rashin bari ba rashin sonki ba ne, ba kuma lalle taurin kai ba ne. Yawancin mashaya suna so su daina. Wani masani a Landan, Michael Russell, ya bayyana a 1976 cewa nikotin ne ke riƙe mutane, amma kwaltar ce ke kashe su. A kan wannan magana aka gina yawancin binciken magungunan barin taba.

MAGUNGUNAN DA AKA SAMO

Dabara ta farko ita ce a ba jiki nikotin kaɗan ba tare da hayaƙi ba, a yi ta ragewa har a yaye shi, kamar yadda ake yaye yaro. Tunanin ya fito ne daga ƙasar Suwidin a 1967, inda aka lura cewa sojojin jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku, da yake an hana su kunna sigari, tabar leɓe suke sawa su samu sauƙi. Daga nan aka ƙirƙiro cingam mai nikotin, wanda aka fara sayarwa a 1978 da sunan Nicorette. Daga baya aka yi filastar da ake mannawa a damtse, da alewar tsotsa. Gwaje-gwaje masu yawa sun nuna waɗannan suna ƙara wa mutum damar bari da kamar rabi, kuma haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya kaɗai.

Akwai kuma ƙwayoyin haɗiya waɗanda babu nikotin a cikinsu. Ɗaya ana kiranta sitisin, daga 'ya'yan wata itaciya ake samunta, kuma an daɗe ana sayar da ita a Balgeriya da sunan Tabex, tun wajen 1964, sauran duniya ba ta kula ba. A 2011 aka buga sakamakon gwajinta a kan mutum 740 a ƙasar Folan. Bayan shekara guda, waɗanda suka sha ta kuma suka daina taba sun ninka waɗanda aka ba ƙwayar banza fiye da sau 3. Wata ƙwayar mai suna bareniklin, wadda ta fito a 2006, irin aikinsu ɗaya: tana zama a gurbin da nikotin ke zama a ƙwaƙwalwa, ta rage ƙwaɗayi, in mutum ya sha sigari ma ba zai ji daɗin da ya saba ji ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar barin taba, ta amince da waɗannan magunguna, ta kuma ce sun fi aiki in an haɗa da shawarar ma'aikacin lafiya. Amma fa ba a sayensu da ka. Sai an ga likita, musamman mai ciki, da mai shayarwa, da mai wani ciwo.

Wasu masanan kuma ta kan sigarin kansa suka bi. A 1994 wasu biyu a Amurka suka kawo shawara a tilasta wa kamfanoni su rage nikotin har ya zama sigari ba ya kama mutum. A 2015 aka gwada a kan mashaya 840 na tsawon mako 6, aka ga waɗanda aka ba sigari mai ɗan nikotin ƙalilan sun rage yawan abin da suke sha. Ƙasar Niyu Zilan ta kafa doka a kan haka a 2022, amma sabuwar gwamnati ta soke ta a 2024 tun ba a fara aiki da ita ba.

BABU HANYAR RATSE

An kuma nemi ko akwai abin da mashayi zai sha ya kare kansa yana ci gaba da sigarinsa. An ga masu yawan cin ganye da kayan marmari ba su cika kamuwa da daji ba, sai aka zaci sinadarin da ke sa karas ja shi ne sirrin. A ƙasar Finlan aka ɗauki maza mashaya fiye da 29,000, aka riƙa ba wasunsu wannan sinadari a ƙwaya shekara da shekaru. Da sakamako ya fito a 1994, sai ga shi dajin huhu ƙaruwa ya yi da kashi 18 cikin 100 a wurin masu shan ƙwayar. Haka nan sigarin da aka riƙa tallarsa da sunan mai sauƙi, an gano mashayi zuƙa kawai yake ƙarawa ya cike giɓin. Saboda haka in wani ya ce miki madara, ko zuma, ko wani jiƙo yana wanke huhun mashayi, kada ki ba da kuɗinki.

Abin da ya ɗan taimaka shi ne gano ciwon da wuri. A 2011 wani gwaji a Amurka a kan mutum fiye da 53,000 ya nuna cewa ɗaukar hoton ƙirjin tsofaffin mashaya da na'ura ta musamman kowace shekara ya rage mutuwa da dajin huhu da kashi 20 cikin 100. Wannan na'ura tana da tsada, amma ido da kunnen uwargida kyauta ne. In tari ya wuce mako 2 ko 3, ko aka ga jini a majina, ko murya ta dishe ta ƙi washewa, ko abinci ya riƙa tsayawa a wuya, ko mutum ya yi ta ramewa ba dalili, to ki matsa a tafi asibiti. Sau da yawa ma tarin fuka ne, wanda ke warkewa, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

LABARI MAI DAƊI

Yanzu ga abin da za ki gaya wa maigida in ya ce ai shi aikin gama ya gama. Binciken nan na likitocin Ingila ya nuna wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya ceto kusan shekara 10 ɗin nan duka. Mai 40 ya ceto kamar 9, mai 50 kamar 6, mai 60 ma ya ceto 3. An yi irin wannan bincike a kan mata fiye da miliyan 1 a Ingila, aka samu wadda ta bari kafin shekara 40 ta kauce wa kashi 90 cikin 100 na haɗarin. Shekara guda da bari, ƙarin haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da rabi. Bayan shekara 10, haɗarin dajin huhu yakan koma kamar rabin na mai ci gaba da sha. A 2020 kuma masana suka gano cewa ko a huhun wanda ya yi shekara 30 ko 40 yana sha, akwai ƙwayoyin da suka tsira da lafiyarsu, kuma da zarar ya bari sai su fito su fara maye gurbin waɗanda suka lalace.

AIKINKI, UWARGIDA

Da farko, kada ki ɗauki hanyar gori da mita, ko ki yi masa magana gaban yara ko baƙi. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ki ce, "Maigida, tarin nan naka na dare yana hana ni barci don tsoro. Ni da yaran nan ba mu da kowa sai Allah sai kai." In bai shirya bari ba, ki roƙi abu ɗaya: kada a sha a ɗaki, ko a mota, ko kusa da yara. An lura cewa gidan da aka kafa wannan ƙa'ida, mashayin yakan rage sha, kuma ya fi saurin bari.

In ya amince zai bari, ku sa rana. Barin gaba ɗaya ake nufi, domin ko kara ɗaya a rana yana cutar da zuciya. Ki kwashe kwali da ashana da duk abin da zai tuna masa, ki wanke tufafi da labule. Kwana 3 na farko su ne masu wuya. Zai yi fushi, barci zai ƙi, zai yi ta jin yunwa. Ki daure, yawanci cikin mako 2 zuwa 4 abin yana lafawa. Ƙwaɗayin in ya taso 'yan mintoci yake yi ya wuce, saboda haka ki tanadi abin da zai ɗauke masa hankali: ruwan sanyi, asawaki, gyaɗa, aya, dabino. Ki lura da lokutan da ya saba kunnawa, kamar bayan cin abinci ko wajen shayi, ki jawo shi da hira. Watan azumi ma dama ce, domin wanda ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba ya riga ya yi rabin aikin.

Ki samo asusu ku riƙa jefa kuɗin sigarin kullum, ku fasa bayan wata 3, ya ga abin da yake ƙonawa. In kuwa ya koma, kada ki ce da ma na sani. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da dama. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na ƙarshe, ki daina bari ana aiken yara sayen sigari, ko a ce su kunno a murhu. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara-kara, ta kuma hana sha a makarantu da asibitoci da motocin haya. In kina sana'ar tebur a ƙofar gida, ki cire sigari daga tiren 'yarki.

KE KUMA, 'YAR MAKARANTA

Bari in ba ki wani labari. A Amurka, a da abin kunya ne mace ta sha sigari a fili. Wani kamfani ya ga rabin kasuwa na wuce shi, sai ya ɗauki wani gwanin talla, Edward Bernays. A 1929 ya shirya wasu 'yan mata suka kunna sigari a tsakiyar wani babban jerin gwano a birnin Niyu Yok, ya sa jaridu suka ɗauki hotonsu a kan wai alamar 'yancin mata ce. Aka kuma yi ta talla cewa sigari yana hana ƙiba. Mata suka shiga sha. Zuwa 1987 dajin huhu ya wuce dajin mama wajen kashe matan Amurka. Da kasuwa ta ja baya a can, kamfanoni suka ƙara juyowa ƙasashe irin namu, inda mata ba su fara ba tukuna.

Yawancin manyan mashaya sun fara ne kafin shekara 18, domin ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama ta. Ba wanda ya taɓa farawa da niyyar zama mashayi, kowa gwaji ya ce zai yi. Haka nan sigarin lantarki mai ƙamshin alewa. An samu yana taimakon wasu tsofaffin mashaya su rabu da hayaƙi, amma ga wadda ba ta taɓa sha ba, turke ne sabo, domin yawancinsu nikotin ne a ciki. In ƙawa ta miƙo miki a wurin biki ko a ɗakin kwanan makaranta, ki ce, "Na gode, ba na sha," ki tashi. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Wadda ta yi miki dariya yau, wata rana ita za ta tambaye ki yadda ake bari.

Ki kuma karanta wa Umma da Baba wannan shafi in ba su samu dubawa ba, cikin ladabi. Sau da yawa uba yakan ji kunyar 'yarsa a inda bai ji maganar likita ba.

'Yan'uwa, masana sun yi nasu, sun kwashe fiye da shekara 70 suna ƙirga gawa da auna hayaƙi. Abin da suka tara bai wuce abin da kakanninmu suka faɗa ba, rigakafi ya fi magani. Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da taba ta duniya, amma ba sai kin jira ta ba. Yau da dare, bayan an kwashe kwanuka, ki fara maganar. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya, amin. Sai mun sake saduwa.